Irin geron da ya daɗe a bakin iyaka

Shekarar da muka baro ƙauyenmu na wajen Gangara muka dawo cikin Jibiya, ba mu fito da ko zangarniya ɗaya ta iri ba. Rumbunanmu na can, hanyar kuma ba ta biyuwa. Wani ɗan'uwan Baba ya ara mana gona a bayan gari, ita kaɗai ce za ta ciyar da gidanmu. Ni kuwa na gama jami'a ina zaune ba aiki, komai ya taso sai a ce a tambayi mai karatu.

Kawu, ƙanen Inna da ke zaune wajen Maraɗi, shi ya samo mana tiya biyu ta gero mai saurin nuna. Ya ba wani direba, motar ta maƙale a bakin iyaka. Ƙunshin ya daɗe cikin rana kusa da jarkokin fetur, ina jin har ruwa ya taɓa shi, don da ya iso yana warin gumi.

Hankalina bai kwanta ba. Na ƙirga ƙwaya ɗari na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, na ajiye gindin randa. Goma sha huɗu suka tsiro. Na sake, goma sha shida. Na ɗauka goma sha biyar ke nan cikin ɗari. Na kuma ƙirga abin da murfin kwalba ke ɗauka, na auna tiya da shi: kusan ƙwaya dubu ɗari uku, in ban yi kuskure ba. Daga nan na yi shiru da maganar, don ban san yadda zan faɗe ta ba.

Ranar da hadari ya fara haɗuwa a gabas, Kawu ya aiko cewa zai zo bakin iyaka. Muka tafi ni da Baba. Muka same shi a kan babur tsakanin manyan motocin da suka yi layi, bai ko kashe injin ba.

"Ɗan lakwal!" in ji shi, wato ɗan boko a bakin mutanen can. "An ce kana shuka gero cikin tsumma. Yaushe za mu sha furar?"

Baba bai yi dariya ba. Ashe Inna ta lura da gwajin, ta gaya masa. Ya juyo ya ce, "Mi ka gani?"

Na ce gwajin ƙarami ne, mai yiwuwa tsumman ya jiƙe da yawa, kuma ƙasa daban take. Baba ya tambayi Kawu ko za a ƙara samun irin. Kawu ya ce wallahi ko a can ya ƙare, kowa ya riƙe nasa.

"To ka ji," in ji Baba. "Bar ni da mai yiwuwa. Wanga iri zai cika gonar ko ba zai cika ba?"

A tsaye na yi lissafin, ƙarar injin na cika mini kunne. Tiya biyu, ƙwaya dubu ɗari shida. Kashi goma cikin ɗari, a cire sifili ɗaya, dubu sittin. Kashi biyar rabin wannan ne, dubu talatin. A haɗa, dubu casa'in ne masu rai. Gonar kuwa na taka ta, tana cin rami wajen dubu talatin. Uku ke nan a kowane rami.

A wurinmu ba a ƙirga iri. Mai sungumi na gaba yana sara, na baya ya tsunkulo da yatsa uku ya jefa, ya rufe da diddige. Tsunkule ɗaya ya kai ƙwaya ashirin, kuma da gangan ake yin haka, don ɓera da zabi da zafin rairayi kowa sai ya ɗauki rabonsa. Da iri mai kyau, abin da ya rage har sai an cire wasu. Da namu, uku ne kawai za su fuskanci wannan duka. Na sake bi ta ɗaya hanyar: kashi ɗaya dubu shida, sau goma sha biyar. Dubu casa'in dai.

Na so in ce a jira, amma ba abin da za a jira. Na ce, "Baba, a ninka tsunkule. Rabin gonar za mu shuka."

Kawu ya kashe babur. "Rabi? Ku goma sha nawa ne a gidan?"

Baba ya juyo gare ni. Sannan ya ce, "Ka tabbata?"

Ban tabbata ba. Ƙwaya ɗari biyu na gwada, na yanke hukunci a kan dubu ɗari shida. Amma na ce masa e.

Da ruwa ya sauka muka yi shuka. Hannun Baba ya saba da tsunkule ɗaya, sai na riƙa ganin yana jefawa, ya tsaya, ya ƙara. Da muka kai tsakiyar gonar irin da ke cikin ƙwaryar Baba ya ƙare. Ya kife ta a nan, ya juya bai dubi sauran filin ba.

Geron ya fito, wani rami biyu, wani huɗu, wasu ba komai. Mun girbe abin da rabin gona ke bayarwa. Ya kai mu tsakiyar bazara, daga nan Inna ta koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini. Ba wanda ya ce mini na yi daidai, ba wanda ya ce na yi kuskure. Har yanzu nakan sake lissafin in ina tafiya, wani lokaci in ga da an shuka duka da ba mu sami ko hakan ba, wani lokaci in ga akasin haka.

Abin da na sani shi ne, tun kafin a taɓa hatsin ci Baba ya zaɓi manyan zangarniyoyi ya rataye su a ɗakinsa. Da damina ta sake matsowa, ya miƙo mini ɗaya da wani tsohon tsumma, ya ce, "Ƙirga ɗarinka."