Ƙwallon da Yaya ya zo da ita

Yayana ya dawo daga karatu a Amurka a farkon shekarun tamanin. Ban da tsaraba, ya zo da kaset-kaset na bidiyo da wata ƙwallo doguwa mai kama da gwanda, irin ta wasan Amurkawa. Inna ta jujjuya ta a hannu, ta ce, "Mota ce ta taka ta?"

Lokacin ina tuƙa bas, ina kai maziyarta Masallacin Ƙiblatain da sauran wuraren ziyara na birnin Manzo. Nakan dawo gidanmu a unguwar Jurf bayan la'asar, bayana kamar an daka. Shayi nake so da tabarma. Amma sai in tarar da Yaya a bakin ƙofa.

"Yalla, mu je fili. Jifa kaɗan, khalas, shi ke nan."

"Yaya, na gaji."

"Ai gudun ne zai warware maka jiki."

Ba a musu da na gaba. In yi gudu, ya jefo, ƙwallon ta kuɓuce mini, ta yi tsalle inda ta ga dama, in bi ta cikin tsakuwa.

Ya tara samarin unguwa yana koya musu, Hausa na gauraye da Larabci da Turanci. Ba ciyawa a filin, ba hular kwano, ba abin kare kafaɗa. Suka ɗan yi marmarin abin, har ranar da ɗan maƙwabcinmu ya goce kafaɗa. Daga nan kowa ya koma ƙwallon ƙafarsa, saura ni.

Bayan magariba sai kallon kaset na wasan. Baba ya zauna ya kalla sau ɗaya, ya ce, "Waɗannan raguna ne? Su yi karo, su tsaya shawara, su sake karo." Ya tashi abinsa. Ni ba halin tashi. Yaya ya san yadda kowane wasa zai ƙare, duk da haka yakan tsayar da hoton ya yi mini bayani, ina gyangyaɗi.

Wata rana muna dawowa daga fili ya ce, "Ka san, a can ranar wasa gari duka waje ɗaya yake zuwa. Na zauna cikin dubban mutane, muna ihu tare, ba wanda ya tambaye ni asalina."

Ni dai ƙafata ciwo take yi.

Bayan 'yan shekaru riguna masu manyan lambobi, irin na 'yan wasan da ke cikin kaset ɗin Yaya, suka cika shagunan unguwar Al-Azizya. Yara suna sawa, har ƙanenmu. Yaya ya tare shi ya tambaye shi ko ya san wasan da ake yi da rigar. Yaron ya ɗaga kafaɗa, ya amsa da Larabci cewa launin ne ya burge shi. Tun daga ranar Yaya bai ƙara kirana fili ba, ni kuma ban tambaya ba.

Daga baya ya sami aiki a wani kamfanin mai a gabashin ƙasar, inda Amurkawa suke da yawa, ya tafi da iyalinsa. Yakan zo da Sallah, ya yi ƙiba, magana ta ragu. Mukan zauna a tsakar gida mu yi hirar hawan jinin Baba da tayoyin bas ɗina, har a kira isha'i.