Ruwan da Manhajar Ta Share

Da ƙarfe huɗu da minti ashirin na wata Alhamis, bayan na idar da la'asar, na danna maɓallin sabunta manhajar haɗa kiɗan da muke aiki da ita. Na san lokacin domin na rubuta shi. Ina da littafin da nake rubuta duk abin da na taɓa a kwamfutar, kuma ana yi mini dariya a kan haka.

Situdiyon na ɗan kawuna ne, wanda nake kira Yaya. Wani ɗan ƙaramin shago ne a bayan kasuwar Yelwa, an manna kwalin ƙwai a bangonsa don kada murya ta riƙa dawowa. A lokacin hutun makaranta nake zama a can. Ba na waƙa, ko gaisuwa ma da ƙyar take fita a bakina idan baƙi sun cika ɗakin. Aikina in zauna da abin saurare a kunne, in gyara abin da wasu suka rera.

Ba zan yi wa sabuwar manhajar ƙarya ba. Ta daina tsayawa cak a tsakiyar aiki kamar tsohuwar. Amsa-kuwwar da take sa wa murya ta yi laushi, ba irin ta da ba mai kama da magana cikin rijiya. Akwai kuma wani sabon abu mai share hayaniya, wanda ya cire ƙugin janareta daga wata waƙar biki cikin ƙiftawar ido, aikin da a da nake yin wuni guda a kansa. Har murmushi na yi wa kwamfutar.

Sai na buɗe waƙar Kawu.

Kawu mahaifin Yaya ne, yayan Inna mahaifiyata. Ya yi rayuwarsa yana tuƙa kwalekwale a Wara kafin kafaɗarsa ta gaza. Yana da waƙar tuƙi da ya koya wurin mahaifinsa, kuma sau ɗaya tak ya yarda muka naɗe ta, a cikin kwalekwalen, ina riƙe da makirfo ina tsoron kifewa. Waƙar tana bin hannu ne. Ya yi baiti, ya yi shiru, filafilin tuƙi ya shiga ruwa ya ce cuɓul, ya ja numfashi, sannan baiti na gaba. Idan iska ta tare jirgi waƙar takan ja jiki, idan ta sake shi ta yi sauri.

Manhajar ba ta tambaye ni ba. Abin share hayaniyar ya zo yana aiki da kansa. Ya ɗauki ruwan a matsayin datti, ya goge shi, ya goge numfashin Kawu. Abin da ya rage murya ce tsirara, da ramukan shiru a tsakani.

Yaya ya saurara, ya tafa hannu. "Yanzu ta zama waƙa. Yanke ramukan nan, ki daidaita ta da kiɗan fiyano. Ita za mu zuba a memori."

Nufinsa a rarraba ta wurin masu tura waƙa a waya a bakin ruwa, ranar kasuwa. Wadda aka tura ranar, ita ce mutane za su sani a matsayin waƙar Kawu. Ba zai sake shiga jirgi don a naɗi wata ba.

Na ce, "Ba zan yanke ba."

Ya juyo ya dube ni kamar kujera ce ta yi magana. "Malama mai littafi, ashe kina da baki? Wa zai sa ƙarar ruwa a kunne? Duk wanda ke son ruwa ga tafki nan kyauta."

"Ruwan shi ne kiɗan, Yaya."

"To ki kai ƙara wurin kifi."

Ya zauna ya yi tasa da kansa. Kuma gaskiya ta yi daɗi, irin daɗin da kowace waƙa a kasuwar take da shi. Ni kuwa ina da asalin naɗin a filas ɗina, domin ba na amince wa ajiya wuri guda. Kwana uku ina zuwa da sassafe kafin ya buɗe ido. Na gano inda ake rage ƙarfin abin sharewar, na riƙa sauke shi kaɗan-kaɗan ina rubutawa, har na sami wurin da yake cire busawar iska a makirfo ya bar ruwan. Tsohuwar manhajar ba za ta iya wannan ba, wannan ma na yarda. Amma da na ƙyale sabuwar da ra'ayinta, da ta cinye waƙar.

Yaya ya ce ba zai saki tawa ba. Na ce to mai waƙar yana raye, a tambaye shi. Ban san daga ina na samo wannan taurin kan ba. Inna ta ce gado ne.

Ranar Laraba muka shiga mota zuwa Wara. Mun tarar da Kawu a ƙarƙashin mangwaro yana gyaran koma, ragarsa ta kamun kifi. Na sa masa ta Yaya tukuna, don kada a ce na yi son kai. Ya saurara, hannunsa na dama ya ɗaga ya fara tuƙa iska. Bai kai baiti na huɗu ba ya sauke shi. Na sa tawa. Ya saurara har ta ƙare, ya koma kan komarsa.

Yaya ya yi dariya. "Kin gani? Duk ɗaya ne a wurinshi."

Na ce, "Kawu, wacce za a kai kasuwa?"

Ya ɗaure ƙullin da yake yi, ya cije zaren.

"Ta farin nan ta yi kyau, ɗiyata, amma wanda duk ya yi tuƙi da ita, kafin shi kai tsakiyar ruwa numfashinai ya ƙare. Ku kai wadda mutum ka iya ƙetarewa da ita."