Jan Layi a Wuya

Ina gyaran gadon 'yata na ɗaga filo, sai ga wani littafin zane, irin wanda ake raba shafi gida-gida, maganar mutane tana fitowa a 'yar da'ira bisa kansu. Labarin ƙawaye biyu ne, ɗaya ta fara son wani ɗan ajinsu tana ɓoyewa. Na zauna a bakin gado da tsintsiya a hannu, sai da na jiyo ƙaurin wake daga kicin na tashi.

Ni ma na taɓa riƙe irinsa, amma namu da biro aka yi shi a littafin rubutu. Muna aji huɗu a wata makarantar kwana wajen Kwali. Ƙawata 'yar Yangoji ce, Kirista, mahaifiyarta maginiyar tukwane. Ita ke zane, ni nake cika maganganun don rubutuna ya fi kyau. Labarin wata yarinya ne mai yawan zuwa sayen sabulu shagon wani saurayi, alhali na gidansu bai ƙare ba. Yarinyar tana da wushirya irin ta ƙawata, uwarta kuma kullum a kwance ba lafiya, kamar yadda ƙawata ta baro tata a gida. Abin da ba ta iya faɗa mini da baki, a nan take sa shi.

Da aka ba da hutu ta ba ni littafin in ƙarasa maganganun a gidanmu a Mpape. Gwaggona da ta riƙe ni ta gan shi a kan tabarma. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "'Yar nan, hoton mai rai a ɗakin da muke salla? In ba za ki fitar da shi ba, ki ja musu layi a wuya. Haka muka taso muka ga ana yi."

Ina son littafin, ina kuma tsoron Allah. Na ɗauko jan biro da rula na bi shafi-shafi: yarinyar, saurayin, uwar, har akuyar da ke bakin shago. A raina gyara na yi.

Da muka koma makaranta na miƙa mata a gindin mangwaro. Ta buɗe, ta daɗe a shafin da uwar ke kwance.

"Kin yanka mini Mama," ta ce a hankali.

Na fara bayani, ta rufe littafin ta tafi. A gidansu ba a san wannan ba, ni kuma ko sau ɗaya ban yi tunanin yadda jan layi zai zama a idon mai jinyar uwa ba.

Mako uku ba ta zauna kusa da ni ba. Garin kwakina ni kaɗai nake jiƙawa. Kowace sujada sai na roƙa wa mahaifiyarta lafiya, ina tsoron kada a aiko da wani labari in rasa ƙawata har abada.

Wata Juma'a na tarar da littafin a cikin lokar da nake ajiye kayana. Ta bi kowane layi da ɗigo-ɗigo ya koma sarƙar murjani. Saurayin ta yi masa wuyan riga mai aiki, akuya ta sami igiya. A shafin ƙarshe ta zana 'yan mata biyu da kwano ɗaya, ta bar da'irar maganar ɗayarsu babu komai. Na rubuta "Ki yafe mini" na kai mata.

Ta karanta ta ce, "Rubutun nan naki ne ya cece ki, ƙawas. Ɗauko garin, ni ina da sukari."

Mahaifiyarta ta warke kafin jarrabawa. Rabona da ƙawata tun bikina, littafin kuma yana wajenta.

Na mayar da na 'yata ƙarƙashin filo yadda na same shi. Da yamma muna tsince shinkafa na tambaye ta wace ce babbar ƙawarta yanzu, ta ɗago tana murmushi ta fara ba ni labari.