Kofin Ƙarshe Na Riɗin Inna

Cheetham Hill, Asabar

Ƙarfe shida da rabi, ina idar da sallar asuba, na fito da jaka ɗaya da roba ɗaya. Gari da duhu, ga yayyafin Manchester da ba ya gajiya. A robar akwai humus, markaɗen wani wake mai ƙulu-ƙulu da Larabawa ke dangwala da gurasa. Maƙwabciyata 'yar Siriya ce ta koya mini. Waken ya kwana a jiƙe, na dafa shi luguf, na murje ɓawon, na markaɗa da tafarnuwa, lemon tsami, gishiri da riɗin da na soya na niƙa. Na kwarara man zaitun a kai don kada samansa ya bushe.

Riɗin nan Inna ce ta ƙullo mini daga Gumel, wata biyar kafin rasuwarta, kuma kofi ɗaya ya rage. Wana, Yaya Sagir, likita ne a Birmingham. Lokacin rasuwar Inna, takardunsa na zama suna wurin sabuntawa, ko gaisuwa bai samu zuwa ba. Kantu ya kamata in yi masa, amma ciwon suga ya raba shi da zaƙi. So nake ya ɗanɗana abin da hannun Inna ya taɓa.

A hanya

Babbar mota ta tashi daga cikin gari bakwai da kwata, tafiyar mil tamanin da 'yan kai. Direba ya ce in sa kayana a ƙasa, na ba shi jakar, na hana shi robar. A cinya na ɗora ta tsakanin ƙullin ƙanƙara biyu, don humus ba ya shiri da ɗumi, ga hita tana ta huci. Wajen Stoke cunkoso ya riƙe mu minti ashirin da biyar. Cinyata ta sandare, amma ban sauke ba. Ina kallon tumaki a fili, kewar gida ta taso mini.

Small Heath

Goma da kwata muka isa tashar Digbeth a Birmingham, sai ga saƙon Yaya: yana aiki sai huɗu, in jira shi gidan Anti Balaraba, 'yar garinmu. Bas ta sauke ni a titin Coventry. Ina shiga na miƙa mata robar, da niyyar in ce a sa mini a firji.

"Haba Hadiza, har da ɗawainiya? Allah ya yi albarka."

Da wane baki zan ce wa babba tsarabar ba tata ba ce? Bayan azahar ƙawayenta uku suka zo, aka sayo gurasa mai zafi, aka buɗe robata a tsakar falo. Suna ci suna santi, har ni aka yi wa bismilla. Na ce alhamdulillahi, ina murmushin yaƙe. Da na kwashe kwanuka zuwa kicin, na kankare abin da ya maƙale a gefe, cokali biyu ya fita.

Erdington

Biyar saura na ƙwanƙwasa ƙofar Yaya. Ya leƙa robar ya fara tsiya, wai daga Manchester na yi dakon wanke-wanke. Na faɗa masa riɗin wa ne, kuka ya ƙwace mini. Ya zauna, ya ci cokali ɗaya, ya daɗe bai haɗiye ba. Sannan ya tambaye ni kwana nawa yake yi bai lalace ba.

"Kwana huɗu a firji, Yaya. A firiza kamar wata uku."

Ya juye ragowar a 'yar ƙaramar roba, ya ɗiga mata mai, ya danne murfin, ya tura ta can ƙuryar firiza. Tuwon semo muka ci da miyar kuka, muna hirar Inna har isha'i.

Gida, Lahadi

Motar sha ɗaya na biyo, biyu da rabi ina ɗakina lafiya, alhamdulillahi. Na gode wa Yaya, na kira Anti don in yi mata godiyar saukar da ta yi mini. Ta ce ƙawayenta sun dame ta, wai na shago bai kama ƙafar nawa ba, in faɗa mata inda nake sayen riɗi.

Na ce, "Anti, an daina samun irinsa."