Tabon Ganyen Shukar Bature

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba Baturen ofishinmu na Makarfi ya tattara ya tafi, ya bar mini wata shuka a tukunya, mai faffaɗan ganye kamar na gwaza. Na kai ta zaure, can lungun da rana ba ta leƙawa. Lokacin ina sabon akawu, ji nake da ita kamar me.

Gwaggona, yayar mahaifina, ta zo daga Gazara za ta yi damina a wurinmu. Tana ganin shukar ta taɓe baki.

"Ɗan nan, ana miya da wannan?"

Na ce a'a, ado ce.

"To, Allah ya kyauta."

Kwana kaɗan sai ga ɗigo-ɗigo baƙi a ganyen, kowanne da zoben rawaya. Nan take zuciyata ta tafi kan Gwaggo. Na shiga sa mata ido. In ta gifta zaure sai na bi bayanta na shinshina ƙasar tukunyar, ko ta zuba toka ko ruwan kanwa. Ban taɓa kama ta ba, amma wannan ma sai na ɗauke shi a matsayin wayo. Ran da ganye na uku ya faɗi na tare ta, na ce ta faɗa mini abin da take zuba wa shukar. Washegari ta ɗaure ƙullinta ta bi masu jakai ta koma Gazara.

Tabon bai tsaya ba. Na kira malamin gona, ya same ni ina alwalar la'asar a kan tukunyar, yadda na saba don kada ruwan ya tafi a banza.

"Akawu, kullum haka kake yi?"

"Sau biyar."

Ya yi dariya. Ya ce fumfuna ce, ganyen ba ya bushewa. In yanke masu tabon in ƙona, in riƙa zuba ruwa a gindi, in fitar da ita inda iska ke kaɗawa. Shukar ta warke sarai.

Na hau keke zuwa Gazara da goro, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Gwaggo ta shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa har kan kaji. Sannan ta ce, "Ya mai jikin?"

Na ce shukar ta warke, na faɗa mata laifina ne, na roƙi gafararta. Ta ce ta yafe. Amma har ta koma ga Allah ba ta sake kwana a gidana ba.