Shirun da ke Tsakiyar "Sauke Kaya"

Duk wanda ya taɓa shiga tasi a Bangui ya san "Sauke Kaya", amma tambaye shi wa ya kaɗa jitar, sai ya yi maka zuru. To ga shi can a Kasuwar Kilomita Biyar: Abdulgani mai ƙusa da kwaɗo, dattijo marar yawan magana. In waƙar ta taso daga shagon maƙwabta, yakan ajiye abin da ke hannunsa ya kasa kunne, kamar mai jiran a kira sunansa.

A 1988 su uku suka fara: shi da jita, amininsa Idi da ganga, Alhasan da murya. Iyayensu 'yan kasuwa ne masu carbi, kuma ɗan gidan mutunci ya rataya jita, ai kafin azahar maganar ta kai unguwar Kokoro. Sai suka ɓuya a siton albasa na mahaifin Idi, inda buhuna ke shanye ƙara. Shi ya sa suka kira kansu 'Yan Buhu, kuma gaskiya warinsu bai ƙaryata sunan ba. Jitar tsohuwa ce ta lantarki, wani direban Duwala ya bar masa, biyu daga tsirkiyoyinta wayar birkin babur ce. Kiɗan rok na Turawa suke son yi, amma abin da ya fito shi ne amon 'yan dako masu sauke kaya daga manyan motocin Kamaru. Idi ne ya kama shi da sanduna, Alhasan ya ɗora baituka, rabi Hausa rabi Sango.

Kaset ɗaya gare su, rikoda ta aro. Ranar ɗauka waƙa ta yi zafi, suna tsakiyarta, sai ladan ya ɗaga murya, la'asar ta yi. Ba wanda ya ce a tsaya. Hannuwa ne suka tsaya da kansu, don kuwa haka aka tarbiyyantar da su: ba a kiɗa a kan kiran salla. Kaset ya ci gaba da juyawa kamar daƙiƙa bakwai kafin Alhasan ya tuna ya danne shi. Da suka dawo daga masallaci, suka ɗora daga inda suka tsaya.

Wannan shirun shi ya ɗaukaka waƙar. A wuraren rawa mutane kan daskare a nan, ƙafa a sama, sai ganga ta dawo a ɓarke da ihu. Masana har cewa suke gwaninta ce. Gwanintar me? Yara ne suka ji kiran salla.

Abin da jama'a ba su sani ba, shirun ba fanko ba ne. In ka ƙure murya ka manna kunne, za ka ji Idi can ƙasa-ƙasa yana cewa, "Gani, an kira. Ka jira ni." Alwala zai yi, shi kuwa Abdulgani ɗan gaggawa ne tun fil'azal.

A 2014, da gari ya rikice, Abdulgani ya samo musu wuri a motar da za ta Kamaru. Iyalan biyu suka hau. Idi ya ce bari ya koma ya ɗauko maganin matarsa, yanzu-yanzu. Harbi ya matso, mata na kuka, direba ya leƙo ya tambaya ko kowa ya cika. Abdulgani ne ya ce a tafi. Ba a sake ganin Idi ba, ba gawa, ba jana'iza. Matarsa ta rasu a gudun hijira ba ta san wa ya ba direba amsa ba. 'Yarsu Nafisa tana da shekara takwas, kuma Abdulgani ne ya riƙe ta har suka dawo.

Bana ya lura waƙar da ke wayoyin mutane ta canza. An yanke shirun, ganga na bin ganga ba numfashi. Kaset ɗinsa na asali kuma ya fara shaƙewa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, don nan kaɗai muryar Idi ta rage a duniya. Ya naɗe kaset a hankici, ya ɗauki tsohuwar rikodarsa, ya nufi Titin Koudoukou, inda Nafisa ke da teburin tura waƙoƙi a waya.

"Baba Gani, ai ni na gyara ta," in ji ta da Hausarta mai jan Sango. "Wurin nan lalacewa ce, kwastoma na cewa wayarsu ta tsaya."

"Ba lalacewa ba ce. Sa abin kunnenki, ki ƙure."

Ta jona tsohuwar rikodarsa da kwamfuta, tana murmushin lallashin tsoho. Jita ta yi kuka, ganga ta bi, sai komai ya ɗauke. Ya ga murmushin ya bar fuskarta. Ta mayar baya ta sake ji, ta sake, har sau huɗu, babura na wucewa ba ta san suna yi ba.

"Na manta muryarsa," ta ce a hankali. "Wallahi na manta."

Ta share ido, ta yi 'yar dariya. "Ji shi da roƙo. To Baba, ka jira shi kuwa?"

Shekara goma sha ɗaya yana gudun wannan tambaya, ga ta ta zo masa da rana tsaka, cikin wasa. Ya jawo benci ya zauna.

"Ran nan na jira shi," in ji Abdulgani. "Cire abin kunnen, Nafisa. Akwai wata ranar."