Takalmin Kirsimeti a Kaina

Ɗazu jikata na gwada takalmin Kirsimeti, sai dariya ta ƙwace mini!

Na tuno unguwarmu Lokuwa, shekarar da Mubi ta shiga Najeriya. Tun damina Baba ya auna ƙafata da kara, ya sayo mini takalmina na farko.

Safiyar Kirsimeti Kaka ta ɗora mini shi a ka, wai kada hanya ta cinye shi. Muna isa ƙofar coci na gwada, ashe ƙafa ta girma!

"Kaka, ya ƙi shiga!"

"Mayar da shi kanki, 'yar nan. A ƙafa wa zai gani?"

Haka na shiga ina rangaji, kowa na kallon takalmina!

Har yau ban yi takalmi mai farin jininsa ba. Ku fa, wace dabara kakarku ta yi muku?